Sikelin Yari Mai Iri

Duk wanda ya sha miyar tumatir a birnin Zariya cikin shekarun nan na tamanin, da wuya a ce bai ci gumin Yari ba, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Ni kuwa na san shi ciki da bai, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da lambunsa, can wajen Ƙofar Kuyambana, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara kafin a kai ga ganuwa. Sunana Mika'ilu, ɗinkin babbar riga na gada, da allura da zare nake ci da iyalina. Fiye da shekara ashirin ina zaune a gindin mangwaron lambun nan ina fitar da aska takwas, shi yana sunkuye kan tsirrai, muna tsokanar juna daga hantsi har magariba. Ina ce masa baƙauye, yana ce mini ɗan birni mai hannun auduga, kuma ban tuna ranar da muka kwana da fushin juna ba.

Sunansa na yanka Lawal, amma ko matarsa Tani in aka ce Lawal sai ta tsaya ta yi tunani. Daga wani ƙauye bayan Dakace ya shigo birni yana saurayi, yana ɗaukar ƙasa wa magina. Wani tsoho da ya ga hankalinsa ya ba shi aron fili mai rijiya, daga baya ya bar masa. Kada ku ɗauka tumatir yake nomawa, a'a, bai taɓa kai kwando ɗaya kasuwa ba. Aikinsa renon iri. Masu noman rani na fadamar Galma su suke kawo masa irinsu a ƙulle cikin tsumma, wanda kowa ya zaɓa daga mafi kyawun 'ya'yan bara ya shanya ya ɓoye. Yari ya shuka a fangali, wato ɗan gadon ƙasa da ake tayarwa a yi masa rumfar ciyawa, ya rene su mako huɗu ko biyar, sannan masu su zo su cire su kai dashe. Tumatir, attarugu, tattasai, albasa, da damina kuma barkono da gauta, lambun ba ya zama babu jarirai. Idan irin mutum ya mutu a hannunsa, ba wani ƙullin a gida, noman shekarar nan ya tafi ke nan.

Abin da ya sa ake bin sa har daga Shika shi ne ya san ruwa. Kowa ya iya zuba ruwa, amma ɗan tsiro mai ganye biyu, ka ƙara masa kaɗan gindinsa ya ruɓe ya kwanta, ka rage masa kaɗan rana ta ƙone shi kafin la'asar. Yari yana da dabararsa. Ranar da ya shuka fangali, sai ya cika wani kasko da ƙasa iri ɗaya, ya watsa iri ɗaya a ciki, ya ajiye a gefe. Kafin ya yi ban ruwa sai ya ɗaga kaskon da hannu biyu, ya ɗan jinjina, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishirin miya. In ya ji nauyi, ya ajiye ya ce sun ƙoshi. In ya ji ya yi sakayau, ya ce sun shanye, ya ɗauko garwarsa mai hudajjen gindi. Wata rana sau biyu, wata rana sau biyar. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai tsayar da lokaci kamar kowa ba, ya ce da ni shin ni agogo nake dubawa kafin in ji ƙishirwa?

To wannan gwaninta ita ta ɗaure shi. Tun yana sabon shiga sana'ar ya taɓa tafiya Maƙarfi bikin wani abokinsa, kwana uku, ya bar lambun hannun wani ɗan'uwansa mai kirki da saurin hannu. Bawan Allah nan ya yi ta kwarara ruwa safe, rana, yamma, don kada a ce ya yi ha'inci. Yari ya dawo ya tarar da fangali bakwai kwance, sun ruɓe. Cikin masu irin akwai wani dattijo da ya zo ya tsaya ya duba nasa, bai yi faɗa ba, ya juya ya hau jakinsa. Yari ya ce da dai mutumin ya mare shi da ya fi masa sauƙi. Daga ranar bai sake kwana wajen Zariya ba, shekara goma sha takwas. Biki, suna, gaisuwa, duk Tani ce wakiliya, har mutanen unguwa suka riƙa cewa Yari yana da 'ya'ya biyar a gida da dubu hamsin a lambu, kuma an san waɗanda ya fi so.

Wannan maganar ƙarya ce, ni shaida ne. Akwai autarsa Jamilatu, wadda tun tana ƙarama in ta yi tari sai ya ajiye garwa. An aurar da ita ga wani yaron kirki da ke aiki a gidan gurzar auduga a Gombe, shekara bakwai shiru, babu ko ɓari. Yari bai taɓa taka Gombe ba, bai san ƙofar gidanta gabas take kallo ko yamma ba. Ita ce take zuwa duk babbar salla.

Cikin damina ta alif ɗari tara da tamanin da tara wasiƙa ta zo. Yari ajami kawai yake karantawa, don haka ni ne mai karatun boko na gidan. Na zauna a gindin mangwaro na buɗe, Tani tana tsaye bakin ƙofar lambu. Jamilatu ta ce Allah ya kawo rabo, ana sa ran haihuwa cikin watan Oktoba. Tani ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi. Wasiƙar ta ci gaba da cewa likita ya hana ta doguwar tafiya, ba za ta iya zuwa goyon ciki gida ba, don Allah Inna ta zo da wuri. Sai layi na ƙarshe, wanda na karanta da sauri don na ga inda ya dosa.

Yari ya ce, "Malam Mika, sake karanta wurin nan."

Na sake. Ta rubuta: "Ban ce Baba ya zo ba, don na san lokacin irin tumatir ne. Ya yi mana addu'a daga nan."

Wallahi da ta zage shi da bai ji zafi haka ba. Babu ƙorafi a ciki, babu gori, yarinya ta san ubanta ta yafe masa tun kafin ya nemi uzuri. Ya ɗauki garwarsa ya tafi bakin rijiya ya tsaya, bai jefa guga ba. Can ya dawo ya ce mini zai je sunan nan. Na ce madalla, wa zai bar wa lambun? Ya ce babu. Na ce to ni fa? Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi da ya bar mini iri gara ya bar wa akuya ajiyar dusa. Na ji haushi, amma gaskiya ce, ban san attarugu da tattasai ba sai sun nuna.

Mako biyu yana yawo kamar wanda aka yi wa kurciya. Rannan ya tafi kasuwa sayen igiyar guga, ya dawo babu igiya, yana sauri har hularsa ta karkace. Wai ya tsaya wajen mahauta yana kallon wani yana auna nama, ana ɗora tsoka sikeli na sauka, ana ragewa yana tashi. Ya ce shekara nawa yana jinjina kasko da hannu, ashe aikin sikeli yake yi bai sani ba. In dai nauyi ne, ai sanda da dutse ma sun iya ji. Na ce sun iya ji, amma sun iya ɗaukar garwa? Ya ce in bari in gani.

Daga nan lambu ya koma maƙera. Ya jawo Audu mai faci, wanda ke gyaran kekuna a bakin Ƙofar Kuyambana, mutum mai son duk wani aikin da ba a taɓa yi ba. Suka gina dandamalin ƙasa mai tsayin mutum, suka jera duro shida a kai, suka haɗa su da tiyo. Daga duro na ƙarshe ruwa zai bi ta cikin wata roba mai laushi da Audu ya yanko daga cikin tayar keke, sannan ya rarrabu cikin siraran tiyo da aka shimfiɗa tsakanin layukan iri. Hudojin tiyon kuwa da basillata aka yi su. Na neme ta kwana biyu, na zargi matata, na zargi jikokina, ashe tana can Yari yana gasa ta a wuta yana huda roba. Har yau bai biya ni ba.

Shi sikelin kansa gora ce doguwa da aka ɗora kan ƙarfen tsakiyar ƙafar keke don ta riƙa lilo babu gardama. Gefe guda an rataye kaskon nan na iri cikin ragar igiya, ɗaya gefen an ɗaure guntun dutsen niƙa. In kasko ya sha ruwa ya yi nauyi, sai gefensa ya sauka ya danne robar nan a kan katako, ruwa ya tsaya. In tsirran cikin kaskon suka shanye, rana ta ɗebi nata, sai dutse ya rinjaya, gora ta ɗaga, roba ta buɗe, ruwa ya bi lambu. Akwai ɗan siririn tiyo guda da ke ɗiga cikin kaskon shi ma, har ya sake yin nauyi ya rufe. Yanzu da nake faɗa muku kamar na fahimta tun farko. Ina! Sau biyu Yari yana tsayar da ni yana yi mini bayani, ina cewa ƙwarai, haka ne, Allah ya ƙara basira, alhali zare nake ƙirgawa a zuci. Abin da na ɗauka kawai shi ne akwai gora, akwai dutse, ruwa na zuwa da kansa.

An sha dariya kafin abin ya daidaita. Gwajin farko dutsen ya yi nauyi, duro shida suka tsiyaye cikin sa'a guda, lambu ya zama fadama, Audu ya faɗa ciki har gwiwa. Na biyu hankaka ya sauka kan gorar, ya ɓata awon. Yari ya yi ta matsar da dutse gaba da baya, yana ƙara tsakuwa ɗaya yana rage biyu, yana jinjina kasko da hannu yana gwadawa da sikeli, har suka yarda da juna. Unguwa ta samu abin kallo, masu zuwa masallaci sai sun leƙo sun tambayi lafiyar injin.

Ƙarshen Satumba Tani ta tafi Gombe. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta buɗe irin ta kaka mai cizo, manoma suka kawo ƙullinsu, aka shuka fangali goma sha biyu. Da tsirrai suka yi kwana goma Yari ya ce lokacin gwaji na gaskiya ya yi. Ya san halinsa, in yana wurin hannunsa ba zai haƙura ba. Don haka da safe ya cika duro, ya kulle ƙofar lambu, ya ba ni makulli, ya ce ko ya yi kuka kada in ba shi sai bayan la'asar. Ya tafi rumfar Audu ya zauna yana kallon faci.

Ni kuwa wurin zamana ke nan, na buɗe na shiga da ɗinkina na kulle ta ciki. Da hantsi na ji gora ta yi ƙara, ruwa ya fara tafiya, bayan ɗan lokaci ta koma ta rufe. Na ce kai, baƙauyen nan shaiɗani ne. Da azahar na yi alwala a nan gindin mangwaro kamar kullum, ruwa ya ragu a buta. Mu yadda aka rene mu ba a watsar da ragowar ruwan alwala a banza, ana neman wani abu mai rai a ba shi, ko bishiya ko kaza, a samu lada. Na ɗaga kai na ga ɗan kaskon nan yana reto shi kaɗai cikin rana, 'yan'uwansa na ƙasa, ƙasarsa ta fara fari-fari. Tausayi ya kama ni. Na ce Allah sarki, an rataye ka kamar ɓarawo, na juye masa abin da ya rage, na tayar da salla da farin cikin na yi aikin alheri.

Bayan la'asar Yari ya zo da gudu-gudu. Ya tarar da fangali goma sha biyu sun sunkuyar da kai, ƙasa ta bushe, duro cike, kasko kuwa shar da shi. Ya ɗauki garwa ya yi ta ceto har magariba. Washegari ya canza roba, abin ya sake faruwa. Rana ta uku ya rage wa kasko ƙasa, ya ƙara wa dutse nauyi, haka dai. Kullum da safe lafiya lau, da rana ta take sai sikeli ya ƙi motsi. Audu ya ce ko zafi ne ke sa roba ta manne. Wata tsohuwa ta ce baki ne, mutane sun cika magana, aka kawo ƙaho aka rataye. Ni ma har shawara na bayar, da bakin nan nawa, na ce ko a sa wa ƙarfen man gyaɗa.

A rana ta huɗu, Alhamis, wani direban babbar mota ya tsaya a ƙofar gida da saƙon Tani: Jamilatu ta sauka ranar Talata, namiji, uwa da ɗa lafiya, suna Talata mai zuwa. Yari ya yi hamdala, ya raba goro, ya yi ta amsa barka da dariya. Da mutane suka watse ya shigo lambu ya zauna kan bakin fangali, ya ce mini ya haƙura. Amanar mutum goma sha biyu ce a ƙasa, ba zai tafi ya bar ta hannun gorar da ke barci da rana ba. Ya ce in rubuta wa yarinyar takarda, in sa kalmomi masu daɗi irin namu na 'yan birni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji ina jin haushin gorar nan kamar mutum.

Aka kira azahar. Na ce ya tashi mu yi salla tukuna, takarda ba ta gudu. Muka tsuguna da butocinmu. Na gama, na miƙe, na nufi kasko kamar yadda na saba, na karkata buta.

"Malam Mika! Me kake yi?"

Na ce ragowar alwala ce nake ba bawan Allah, kullum ma ni nake taimakonsa, in ba don ni ba da tuni ya mutu a rataye.

"Kullum?"

"Kullum da azahar. Kwana uku ke nan ban fasa ba."

Ya tsaya yana kallona baki buɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na zaci zai rufe ni da duka. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya koma ya zauna daɓas a ƙasa, ya kama ciki, yana dariya har da hawaye, yana nuna ni da yatsa ya kasa magana. Da ya samu numfashi ya yi mini bayani karo na uku, wannan karon na saurara. Kaskon nan shi ne bakin lambu, shi ke faɗin ƙishirwar sauran. Ni kuma kullum sai in toshe masa baki da ruwa daidai lokacin da rana ta fi zafi, ya yi nauyi, ya ce kowa ya ƙoshi. Na shayar da ɗaya na hana dubu hamsin.

Kunya ta rufe ni, kuma ni in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na ce yaushe shayar da mai rai ya zama laifi? Wa ya ce ya rataye abu a rana babu ko rubutu a jiki? Ya ce ai ya gaya mini sau biyu ina cewa Allah ya ƙara basira. Audu ya ji hayaniya ya shigo, aka ba shi labari, shi ma ya kwanta. Kafin la'asar labari ya kai Ƙofar Doka, har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni da buta sai su ce a kawar da tukwane.

Yari ya sari ƙaya ya kewaye sikelin, ya ce ba don awaki ba. Ya ƙwace butata ya rataye ta a reshen mangwaro inda hannuna ba ya kaiwa, ya yanke hukunci daga yau a gida zan riƙa alwala. Juma'a aka gwada, Asabar aka sake, gora ta yi ta buɗewa tana rufewa, da la'asar tsirrai na tsaye kyam. Ni kuma don in wanke laifina na zauna kwana biyu ban ɗaga kai ba, na ƙarasa wata farar riga da na daɗe ina yi wa kaina, na kai masa. Ba zan bari ya je gaban surukai da rigar nan tasa mai launin ƙasar lambu ba. Ya sa, ya juya, ya ce ashe hannun audugar ma yana da rana.

Lahadi da safe muka raka shi tasha. Sau uku yana sa ƙafa cikin mota yana fitowa da sabuwar wasiyya: Audu ya cika duro kowace safiya, kada a taɓa dutse, kada a taɓa gora, ni kuma kada in taɓa komai. A na huɗu direba ya ce ko Baba ya shiga ko ya sauka, Gombe da nisa. Muka tura shi ciki muka rufe ƙofa.

Kwana biyar ɗin nan na fi shi shan wahala. Na zauna gindin mangwaro na kasa ɗinki, ido na kan gora. Na riƙa yin ƙulli a zare duk lokacin da ta buɗe. Litinin da aka yi rana mai tsanani sau biyar, Talata da gajimare ya rufe sau biyu kacal, ba wanda ya gaya mata. In kasko ya fara fari sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi, in zauna a kan hannun. Manoma biyu sun zo duba irinsu, da suka ji Yari ya yi tafiya ɗaya ya dafe ƙirji, ya shiga da sauri, ya zagaya, ya fito yana tambaya ko aljanu aka bar wa aikin.

Alhamis bayan la'asar sai ga shi, jaka a kafaɗa, farar riga ta yi jirwaye. Bai shiga gida ba, lambu ya faɗo. Ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasa, ya tumɓuke tsiro guda ya duba saiwarsa, fara tas kamar gashin tsohuwa. Na ce yaya? Ya ce ba laifi. Ya ƙara zagayawa, ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce cikin 'yar murya ashe 'yan banzan nan ko kewarsa ba su yi ba. Na ce ai dama kai kaɗai kake haukanka. A shekarar nan ba a yi asarar fangali ko ɗaya ba, kuma jaririn Gombe sunan Lawal aka raɗa masa.

Bayan haka Yari ya zama wani mutum. Wanda shekara goma sha takwas bai wuce Tudun Wada ba, sai ga shi Kano, ga shi Funtuwa, gaisuwar da ake bin sa tun ta mutanen da jikokinsu suka yi aure duk sai da ya kai. Tani ta ce da ta san haka ne da ta bar shi a ɗaure. Masu lambu uku a bayan ganuwa suka kwaikwayi sikelin, Audu ya samu sabuwar sana'a. Har wani malamin gona ya zo daga Samaru da littafi da biro, yana ta zuba Turanci yana zane, ya tambayi Yari lita nawa tsiro ke sha a yini. Yari ya ce bai sani ba, bai taɓa tambayarsu ba, su suke faɗa in suna so.

Abin da ya faru a Gombe kuwa bai taɓa ba ni labari ba. In na tambaya sai ya ce an ci an sha, ragon ma mai ƙiba ne. Daga bakin Tani na ji, ita ta gaya wa matata, matata ta gaya mini. Tani ba ta faɗa wa Jamilatu cewa yana shirin zuwa ba, don ita kanta ba ta yarda zai zo ba, ba ta so ta sa wa mai jego rai a banza. Ya isa da yamma, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan, mijin ya shigo da shi har ƙofar ɗaki. Ya yi sallama. Jamilatu tana zaune bakin gado da jariri a cinya, ta ji muryar, ta miƙa wa uwarta yaron, ta taso ta ɗaga labule. Ta ga ubanta tsaye cikin farar riga a tsakar gidanta, a tsakiyar watan iri. Ta dafa bango.

"Baba, lafiya? Wa ya rasu?"

Tani ta ce sai ya share fuska da hannun riga.

"Babu wanda ya rasu, Auta. Ke na zo gani."